Wi-Fi ba rijiya ba ce, tiyo ce

A zamanmu na ƙarshen wata, wani dattijonmu mazaunin Kubwa ya kawo kuka. Ya sayi 'yar na'urar Wi-Fi da tunanin ya rabu da sayen data ke nan. Bayan mako uku ta tsaya cak, yaron shago ya ce sai an sake zuba mata kuɗi. An yi dariya, amma da muka bi zancen sai muka ga da yawanmu haka muka ɗauka. Shi ya sa muka ga ya dace mu fayyace.

Wayar hannu tana shiga intanet ta hanya biyu. Ta farko ita ce layinka na MTN, Airtel ko Glo, wanda ke magana da dogon ƙarfen sabis na unguwa ko da akwai 'yar tazara. Ta biyu ita ce Wi-Fi, mai gajeren zango, wadda da ƙyar take wuce gida ɗaya, bango ma yana rage mata ƙarfi. Aikinta kawai ta haɗa wayarka da na'urar da ake kira rauta. Ita kuma rautar sai ta samo intanet daga wani wuri: layin da aka sa mata, ko kebul na kamfani, ko farantin Starlink. Wi-Fi tiyo ce; idan tanki ya ƙafe, ba abin da za ta zubo. Ko an ce kyauta ce, akwai mai biya.

Wannan magana ta shafi aljihunmu. A watan Janairun 2025 hukumar NCC, da ke nan Maitama, ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Gidan da ke da wayoyi biyar, kowa na sayen 'yar datarsa kullum, ya kamata a zauna a yi lissafi, a gwada da rauta ɗaya ta wata. A saita wayoyi kada su sabunta manhaja ko su sauke bidiyon WhatsApp sai a kan Wi-Fi. Wanda kuma ya kunna wa maƙwabci hotsifot, ya sani daga tankinsa ake sha.

Sai batun tsaro. A otal, asibiti ko filin jirgi, ɓata-gari na iya buɗe Wi-Fi mai suna irin na wurin. Duk wadda ta nemi lambar BVN ko ta katin banki kafin ka shiga, rabu da ita. Harkar banki a yi ta da datar layinka. Ta gida kuma a sa mata kalmar sirri mai ƙarfi.

Wasu za su ce ai yara sun iya, a bar musu. Ba mu yarda ba. Lokacin da wayar salula ta shigo a 2001, kira da tura gajeren saƙo kawai ake yi da ita. Yau ita ce bankinmu, ita ce shagonmu. Ba a miƙa wa wani makullin shago a ce ba ruwanmu da yadda ake buɗewa.

A zama mai zuwa kowa ya zo da wayarsa, matasanmu za su nuna mana saitin ɗaya bayan ɗaya. Tambaya ba abin kunya ba ce. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.

Sakataren Ƙungiya