Ƙararrawar gida mai ihun ƙarya ba ta korar ɓarawo

A sababbin unguwannin Kano, Kaduna da Abuja, ƙararrawar tsaro ta fara shiga jerin kayan da ake kammala gini da su. Ana sayo ta a kwali guda: akwatin sarrafawa, na'urorin gano motsi, maganaɗisun ƙofa da jiniya. Sai a kira mai gyaran wuta ya kafa, a sallame shi, maigida ya kwanta da murna.

Bayan 'yan watanni kuma sai a tarar an zare wa jiniyar waya. Dalili? Ta dami kowa. Ta yi kuka da tsakar dare sau uku, sau huɗu, maƙwabta sun fito da sanduna da tocila ba su ga kowa ba. A karo na biyar babu wanda zai ɗaga kai daga filo. Nan ne asarar take, domin ƙararrawa ba ta kama ɓarawo, mutane take kira. Ranar da suka daina yarda da ita, kuɗin da aka zuba sun tafi a banza.

Mafi yawan wannan ihun ƙarya ba laifin na'urar ba ne, laifin inda aka kafa ta ne. Na'urar gano motsi ba ido gare ta ba. Sauyin ɗumi take ji idan jiki mai zafi ya gitta ta gabanta. Idan aka sa ta tana fuskantar tagar da rana ke bugawa, ko kusa da na'urar sanyaya ɗaki, ko inda fanka ke kaɗa labule, za ta yi ta ruɗewa. Kyanwa ma na tayar da ita, haka gizo-gizo ko tsaka idan suka bi ta kan fuskarta. Wurinta kusurwar ɗaki, sama da mita 2 kaɗan daga ƙasa, inda mai shigowa zai ratsa ta gabanta, ba ya nufo ta kai tsaye ba.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗumin ɗaki yana kusantar na jikin mutum, sai na'urar ta rage ji. Da hunturu kuwa ƙura ce ke lulluɓe ta. Wanda ya kafa ta a watan Agusta ya gwada sau ɗaya, bai san halinta na bazara ba.

Maganaɗisun ƙofa shi ma da nasa. An fi ƙera shi don ƙofar katako, alhali gidajen Arewa ƙofar ƙarfe ce ta fi yawa, kuma ƙarfe yana rage masa ƙarfi. Sai an sa masa 'yar roba a ƙarƙashi, ko a sayi irin wanda aka yi don ƙarfe. Ƙofar da ke girgiza idan iska ta taso kuwa, mai walda take buƙata tukuna.

Amma babban abokin gabar ƙararrawa a Najeriya shi ne wutar lantarki. Yawancin akwatunan suna da ƙaramin batir mai bolt 12, wanda aka tanada don ɗauke wuta na 'yan sa'o'i jefi-jefi. A nan kuwa kullum yana aiki, ga zafi da ke gajarta masa rai. Batirin da ya gaji yakan sa jiniya ta fashe da kuka da zarar an ɗauke wuta ko an tayar da janareta, ko kuma komai ya mutu shiru, wanda ya fi muni. Duk gidan da ke da sola ko inbata, ya kamata ƙararrawa ta kasance cikin abubuwan farko da za a jona, a kuma sa mata kariya daga wutar da ke zuwa da ƙarfi, musamman da damina lokacin tsawa.

Sai layin waya. Akwatunan zamani suna kiran maigida ta sim ɗin da ke cikinsu. Sim ne da ake mantawa da shi: ba a sa masa kati, wani lokaci ma ba a haɗa shi da lambar NIN ba, duk da an wajabta hakan tun Disamban 2020. Layin da aka rufe ba zai kira kowa ba, kuma akwatin yana nan yana ƙyalli kamar lafiya lau.

Shi ya sa araha a wajen kafawa ba ta ado. Sanin wayarin fitila daban, sanin tsaro daban. Mai aikin ƙwarai zai fara zagaya gidan ya ga ta ina ake iya haurowa, ya tambayi ko ana kwana a tsakar gida da zafi, wa ke fita sallar asuba, ina awaki ke kwana. Ba zai kafa akwatin a bakin ƙofa ba, inda ɓarawo zai fizge shi kafin ya yi kira. Zai kuma sauya lambar sirrin da ta zo daga kamfani, wadda sau da yawa 1234 ce ko 0000, lambar da yaron shago ma ya sani.

Ko an yi duk wannan, sauran tambaya guda: idan ta yi kuka da ƙarfe 3 na dare maigida yana tafiya, wa zai fito? Lambar gaggawa ta 112 tana nan, amma maƙwabci da 'yan sintirin unguwa sun fi kusa. Su ya kamata a sanar tun ranar kafawa, a sa lambar mutum biyu daga cikinsu a akwatin, kuma duk wata idan za a gwada jiniyar a gaya musu tukuna, a yi da rana.