John Venn: Limamin cocin da ya bar mana da'irori masu shiga juna

A makon nan za mu leƙa ƙasar Ingila, mu ji tarihin wani mutum da yawancinmu mun sha rubuta sunansa a littafin lissafi ba tare da mun san ko shi wane ne ba. Duk wanda ya taɓa zana da'ira biyu ko uku masu shiga juna a cikin akwati, wato zanen Venn, ya taɓa aikin wannan bawan Allah.

An haifi John Venn ranar 4 ga Agusta, 1834, a garin Hull. Gidansu gidan limaman Cocin Angilika ne tun kaka da kakanni. Kakansa, wanda shi ma John ne sunansa, limami ne a Clapham, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya tare da William Wilberforce wajen yaƙi da cinikin bayi. Mahaifinsa, Henry Venn, shi ne ya riƙe sakataren ƙungiyar mishan ta CMS tun daga 1841, kuma shi ya dage har aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864, ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi a cocin. Mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ƙaramin yaro. A irin wannan gida, tun kafin yaro ya yi wayo an riga an san aikin da ake so ya yi.

A 1853 ya shiga Kwalejin Gonville da Caius ta Jami'ar Kambirij, ya karanta lissafi. Ya gama a 1857, ya zo na shida a jerin waɗanda suka fi kowa cin jarrabawa a shekarar. Daga nan ya bi sawun iyaye, aka naɗa shi limami a 1859, ya yi aiki a cocin Cheshunt da na Mortlake. A 1862 ya koma Kambirij yana koyarwa, a nan ne kuma hankalinsa ya karkata ga manɗiƙi, wato ilimin gane hujja mai ƙarfi da mai rauni. A 1866 ya fitar da littafi a kan lissafin yiwuwar aukuwar abu.

A lokacin, wani masani mai suna George Boole ya riga ya nuna cewa ana iya rubuta hujja da alamomi kamar yadda ake aljabara. Sai dai alamomin suna da wuyar bi. Venn ya nemi hanyar da ido zai ga abin da alamomin ke faɗa, kuma a 1880 ya wallafa maƙalar da ya bayyana zanensa a ciki.

Ba shi ne ya fara amfani da da'ira wajen nuna rukunin abubuwa ba. Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi haka fiye da shekara 100 kafin shi, kuma Venn bai ɓoye wannan ba. Bambancin shi ne, Euler yana zana da'irori ne gwargwadon abin da ya riga ya sani. Venn kuwa sai ya fara zana kowane gurbi da zai iya yiwuwa, sannan ya bi bayanin da aka ba shi, ya shafe gurbin da babu kowa a ciki. Da'ira biyu suna ba da gurbi 4, idan muka haɗa da wajen da'irorin. Uku suna ba da 8. Rukuni huɗu suna buƙatar gurbi 16, amma da'ira huɗu duk yadda aka jera su ba sa wuce 14. Da Venn ya lura da haka sai ya koma ga siffa mai kama da ƙwai, ta ba shi 16 cif.

Bari mu gwada. A ce ajinmu yana da ɗalibai 40. Masu ɗaukar Hausa 25 ne, masu ɗaukar Larabci 20, biyar kuma ba sa ɗaukar ko ɗaya. Nawa ne suke ɗaukar duka biyun? Mu fara cire biyar ɗin, saura 35 a cikin da'irori. Idan muka haɗa 25 da 20 za mu sami 45, wanda ya haura 35 da 10. Daga ina goman nan suka fito? Su ne waɗanda muka ƙirga sau biyu, wato na tsakiya. Ke nan Hausa kaɗai 15, duka biyu 10, Larabci kaɗai 10, waje 5. Mu haɗa mu gani, 40 ne daidai. Shawararmu ga masu shirin WAEC da NECO ita ce, kullum ku nemo na tsakiya tukuna, kada kuma ku manta da waɗanda ke waje. A nan ake yawan asarar maki.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi yi wa Venn nauyi a rayuwa. A zamaninsa, limamin Cocin Ingila sai ya amince da wasu ƙa'idojin aƙida guda 39 kafin a naɗa shi. Da shekaru suka ja, Venn ya ga cewa ba zai iya ci gaba da tsayawa a kan dukkansu da zuciya ɗaya ba. Yana iya yin shiru ya riƙe rigarsa da girman da ake ba shi. Bai yi haka ba. Wata doka ta 1870 ta ba limamai damar ajiye muƙaminsu, shi kuma a 1883, shekara 10 bayan rasuwar mahaifinsa, ya ajiye nasa. Ku duba fa, gadon gidansu ne ya sauke. Duk da haka bai bar addininsa ba, ya ci gaba da zuwa coci kamar kowane mabiyi. Abin da ya ƙi shi ne ya tsaya gaban jama'a yana koyar da abin da bai gamsu da shi ba. A wannan shekarar ce aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya.

Tsufa bai sa ya zauna ba. Ya koma rubuta tarihin kwalejinsa, sannan shi da ɗansa suka ɗauki aikin tattara sunaye da taƙaitaccen tarihin waɗanda suka yi karatu a Kambirij tun daga farkonta. Kashi na farko ya fara fitowa a 1922. Yana kuma da hannu a ƙere-ƙere, har ya ƙera injin jefa ƙwallon kurket. Ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 1923, yana da shekara 88. A yau akwai taga mai gilashi kala-kala a ɗakin cin abinci na kwalejinsa, ɗauke da da'irori uku masu shiga juna, don tunawa da shi.

Abu biyu muke so mu ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, idan tambaya ta rikice mana, mu zana ta, mu ba kowane abu gurbinsa kafin mu fara lissafi. Na biyu, mu faɗi gaskiyar inda muka samo abu, kamar yadda Venn ya ambaci Euler. Wanda ya kwafi aikin ɗan ajinsu ya ce nasa ne, ranar jarrabawa zai gane kurensa.

Ga aikin gida. A cikin yara 50, guda 30 suna buga ƙwallon ƙafa, 28 suna yin langa, 8 ba sa yin ko ɗaya. Nawa ne suke yin duka biyun, nawa kuma suke yin langa kaɗai? Ku zana, ku nuna wa malamin lissafi ya duba muku. Za mu kawo amsa a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.