Gardamar Kwatabak a Jami'o'in Amurka: Cam Newton Ya Fi Su

A kudancin Amurka, Asabar ta ƙwallon Amurka na jami'o'i ce. Filin da ke cin mutum dubu 100 yakan cika maƙil, kuma da an tashi wasa sai tsohuwar gardama ta dawo: wane ne ya fi kowa cikin kwatabak, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo yana jan ragamar hari?

Masoya Tim Tebow na Florida suna da hujja. Ya lashe Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2007, yana cikin ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa na 2006 da 2008, ko da yake a na farkon Chris Leak ne ke gaba. Mutanen Texas kuwa ba su da zance sai daren Janairun 2006, da Vince Young ya ruga da ƙwallo ya ƙetare layi saura daƙiƙa 19, aka doke jami'ar USC da ci 41 da 38.

In alƙaluma za a bi, Joe Burrow na LSU ya gama magana. A 2019 ya yi jifa 60 da suka zama ci, ƙungiyarsa ta lashe wasanni 15 ba ta faɗi ko ɗaya ba. Amma a dubi masu cafe masa ƙwallon: Justin Jefferson da Ja'Marr Chase, waɗanda daga baya suka zama taurari a gasar ƙwararru ta NFL. Mai irin wannan dafifi a bayansa, ai dole ya yi rawar gani.

Cam Newton bai samu wannan gata ba. Shekara ɗaya tak ya yi a Auburn, a 2010. Ya jefa ƙwallo aka ci sau 30, ya ci da ƙafarsa sau 20. A gidan Alabama, babbar abokiyar hamayyarsu, an ba Auburn 24 da nema, filin ya kaure da sowa, amma ya juya wasan aka tashi 28 da 27. Daga nan ya haɗa da Heisman, ya doke Oregon a wasan ƙarshe.

Abin da ya biyo bayan tafiyarsa shi ne babbar shaida. A 2012 Auburn wasa 3 kacal ta ci cikin 12, aka sallami koci Gene Chizik. Burrow ya jagoranci ƙungiya mai cike da gwanaye, Newton kuwa a kansa ya ɗauki tasa har ya dire ta gaban kofi. Kambun nasa ne.