Allurar awo ta jariri ce

Mai juna biyu za ta sha jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da ke cikinsu, ba mai cewa uffan. Amma da an ambaci allurar rigakafi a wajen awo, sai gida ya ɗauka: "Kada ta zubar mana da ciki." Sau da yawa ma ba ita ke ƙi ba, maigida ne ko uwar miji.

Tsoron yana da tushe. Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, kuma zargin da ya bari ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Sai dai Trovan sabon magani ne da ake gwadawa a lokacin. Allurar awo kuwa an daɗe ana yi wa miliyoyin mata a duniya, kuma babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta.

Abin da take karewa shi ne tetanus, cutar sarƙe haƙora. Ƙwayar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ta cibiya take shiga, idan ungozoma ta yanke da tsohuwar reza, ko aka shafa toka, ko aka yi gashi da tsumma mai datti. Jariri ya kama nono lafiya lau kwana biyu, ana shirin suna sai bakinsa ya ƙi buɗuwa, jiki ya sandare, ya riƙa zabura. Sai a ce iska ce, ko mayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 787,000 ne cutar ta kashe a 1988; zuwa 2018 adadin ya sauko kusan 25,000. Jaririn da ba a haifa ba ba a yi masa allura, garkuwar uwarsa ce ke ratsawa ta mabiyiya ta same shi. Allurar kuma tana haɗe da rigakafin mashaƙo, wanda ya addabi Kano a 2023.

Gaskiya ne akwai alluran rigakafin da ake ɗaga wa mai ciki, irin na ƙyanda da na shawara, saboda da ƙwaya mai rai da aka raunana ake haɗa su. Na shawara sai in annoba ta ɓarke likita ya auna. Mai shayarwa kuwa kusan duka sun halatta gare ta, kuma ba ta da dalilin yaye ɗanta. Na shawara ne ake taka-tsantsan da shi idan goyon bai kai wata 9 ba.

A nan nake ganin laifin wasu malaman asibiti. "Hajiya, miƙo hannu" ba bayani ba ne. Matar da ba a gaya mata sunan allura ba, me za ta faɗa wa mijinta? A gaya mata hannu zai iya yin tsami kwana ɗaya ko biyu. A gaya mata allurar biyar ce: ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, sauran biyun shekara-shekara, kuma da katin rigakafi ake gane inda ta tsaya idan wani cikin ya zo.