Wa aka bincika kafin a ce maka ka yanke danginka?

Ranar Juma'a da dare muna fada, shayi na biyu bai ma sauka ba, ƙanena ya miƙo mini salula. Wani saurayi ne cikin kwat, yana zuba Faransanci kamar famfo ya ɓalle. Wai bincike ya nuna duk mai son ci gaba sai ya nisanci mutane "toksik", ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ka yarda da kanka, ka bi burinka, kada ka saurari kowa. Ƙanen nawa har ya fara aiki da darasin: sati biyu ke nan ba ya ɗaukar kiran yayarmu, don ta tambaye shi ina ya kai kuɗin jarin da dangi suka haɗa masa. Na ce, wane bincike ne wannan? A kan wa aka yi shi? Ya ce ai masana ne suka faɗa.

To ni wallahi wannan "masana sun faɗa" ta ishe ni.

Masanan da kansu sun daɗe da tona asirin sana'arsu. A 2008 wani masani Ba'amurke, Jeffrey Arnett, ya bi manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam yana ƙirga mutanen da aka yi bincike a kansu. Kashi 68 cikin 100 ƴan Amurka ne. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka ƙara jan kunne: kashi 96 na waɗanda ake bincikar sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arziki, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba, kuma da yawansu ɗaliban jami'a ne. Ke nan an gwada riga a jikin ɗan jami'ar Amurka, aka ce ta dukan bil'adama ce, mu kuma muna ta cusa kanmu a ciki a Maraɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an yi bincike a nan gida, kuma kusan babu wanda ya ji labarinsa a fadojinmu. A 2022 mujallar Nature, ɗaya daga cikin manyan mujallun kimiyya na duniya, ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyuka sama da 300 na Nijar, tare da matan karkara masu karɓar tallafin jika 10 a wata daga shirin gwamnati. An ware wasu don kwatantawa, sauran aka raba su kashi uku. Duka ukun sun samu asusun adashi, horon sana'a da mai bibiya. Kashi na farko aka ƙara musu jari, jika 80 a dunƙule. Kashi na biyu ba a ba su jarin ba. Su sai aka tara gari duka, da mazaje da dattawa da malamai, aka nuna fim, aka zauna aka tattauna kan sana'ar mata da makomar iyali, sannan matan suka samu horo kan tsara buri, yanke shawara da iya magana da mutane. Kashi na uku suka samu duka biyun. Bayan wata 18, ko'ina an ga abinci ya ƙaru a gida, ciniki ya ƙaru, hankalin matan ya fi kwanciya. Amma da aka auna riba da abin da aka kashe, inda aka haɗa da aikin zuciya da zaman gari nan ne kuɗi ya fi yin albarka.

Kun ga dai ba ina cewa ilimin halayyar ɗan Adam shirme ba ne. Yana aiki, har a tukunya ana ganinsa. Maganar ita ce wane iri.

Catherine Thomas, ɗaya daga cikin masu binciken, da abokan aikinta ba su tsaya nan ba. Sun gwada saƙo iri biyu a kan mata sama da 2,600. Na farko irin na mai kwat ɗin nan ne: burinki, ƙoƙarinki, ci gabanki. Na biyu ya ɗora himmar mace a kan zaman lafiya da mutane, girmamawa, neman shawara da ci gaban gida baki ɗaya. Da shekara ta zagayo, saƙo na biyu ne kawai ya nuna tasiri a fili a kan abinci da sana'a. A gari irin namu, wadda za ta soya ƙosai tana buƙatar mai riƙe mata goyo, mai ranta mata wake, da maƙwabtan da za su saya. Kakata ta san wannan ba tare da Nature ba. Kuma mu tuna, tsarin asusun mata da ake kwaikwayo yau a ƙasashe da dama, a jihar Maraɗi ya fara a 1991, da sunan Mata Masu Dubara.

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa. Za ku ce dangi ma suna kashe mutum da ransa. Gaskiya ne. Akwai kawun da ke cinye gadon marayu, akwai yarinyar da aka cire daga lakwal aka aurar da sunan biyayya, akwai matar da ake duka ana ce mata ta yi haƙuri. Wanda ke cikin irin wannan ya nemi mafita, kuma wajibinmu ne mu tsaya masa. Haka kuma binciken nan a kan matan karkara aka yi shi, ba a kan ɗan Yamai mai digiri ba, don haka ni ma ba zan sa wa kowa rigar da ba a gwada masa ba. Amma yayar da ta tambaye ka lissafin kuɗin da ta sayar da akuyarta ta sa a ciki, wannan ba guba ba ce, malam. Tambaya ce, ka amsa.

Su ma masu binciken ban ƙyale su ba. Ni kaina na taɓa yin aikin anket wa wani furoje. Na zauna a tabarmar wata tsohuwa fiye da awa biyu ina tambayarta sau nawa ta ci abinci, ko tana samun barci, ko tana jin rayuwarta na da amfani. Ta amsa duka, har ta kawo mini fura. Da zan tafi ta ce, "Ɗana, in kun gama ku zo ku faɗa mana abin da kuka gani." Na ce to, Inna. Ban koma ba, kuma ba a aiki kowa ba. Amsoshin irin su Inna suna can cikin Turanci, a mujallun da ko malaman jami'o'inmu ba duka ke samunsu ba, mai kwat kuwa yana shigowa salular ƙanena kyauta, safe da yamma.

Don haka ga buƙatata, ga ma'aikatun da ke ba da izinin bincike da jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa: duk wanda zai shiga ƙauye da tambayoyi, ya sa hannu tun farko cewa zai dawo ya karanta sakamako a dandalin garin, da harshen da aka amsa masa, kuma a watsa shi a rediyon karkara. A sa kuɗin wannan cikin kasafin binciken, kamar yadda ake sa na man mota.

Ƙanena kuwa, na ce ya kira yaya kafin a sauke shayi na uku. Ya ce ba shi da kiredi. Na ba shi tawa salular.