Ɗan Kifin Gidan Yayata

Na san wasunku za su ce yau kuma marubuciyar soyayya ta koma zancen kifi? Ku dai yi haƙuri ku biyo ni, da dalilina.

Watan jiya na je wuni gidan Yayata. Gida ne tangameme can bayan gari, amma ko ƙawa maigidan bai yarda ta shigo ba, zuwa gidanmu kuwa sai sallah-sallah. Wai don ya rage mata kewa sai ya sayo mata akwatin gilashi na kiwon kifi ya ajiye a falo. Cikin kifayen akwai wani ɗan mitsitsi, tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, ya laɓe bayan dutse ko motsin kirki ba ya yi. Yaya ta ce, "Ke da kika yi sakandare, don Allah duba min ɗan tarwaɗan nan, wallahi tausayinsa nake ji."

Ni ma sai da na bincika. Sunansa Corydoras, dangin tarwaɗa ne da kurungu, amma ba ɗan ƙasarmu ba ne. Asalinsa Kudancin Amurka, cikin rafukan Barazil, Peru, Kolombiya har Ajantina, kuma ire-irensa sun haura 150. Shi ba santsin jiki gare shi irin na tarwaɗarmu ba, sulken ƙashi Allah ya yi masa, jeri 2 a kowane gefe tun daga kai har wutsiya. Ga ƙayoyi a baya da gefe, in ya tsorata sai ya miƙe su su kafe, har da ɗan dafi. Duk wadda ta taɓa gyaran kurungu ta san zancen.

Abin da ya fi tayar wa Yaya hankali shi ne yadda yakan zabura ya yi sama da gudu ya dawo, ta zaci mutuwa zai yi. Ashe iska yake haɗiya, hanjinsa ya tsotsi abin da yake buƙata, ragowar ta fita ta baya (ban da dariya). Yakan kuma juya ƙwayar idonsa ƙasa ya mayar, sai ki rantse kashe miki ido ya yi irin na samarin zamani.

Neman aurensu kuwa sai an yi ruwan sama, rafi ya yi sanyi. Maza biyu ko uku su yi ta bin mace guda. Ita kuma ta riƙo 'yan ƙwayaye kaɗan tsakanin fukafukan cikinta, ta yi ta yawo har ta sami ganyen da ya yi mata ta manna su, ta koma ta ɗauko wasu. Daga nan ba ruwan uwa ba ruwan uba, wani sa'in ma cinye ƙwan suke yi. Wannan halin kam ban yaba ba.

Mai shagon da ya sayar da shi ya ce wai dattin ruwa yake ci. Ƙarya ne, abincinsa daban yake so mai nutsewa ƙasa, da yashi mai laushi, don tsakuwa mai kaifi tana cinye masa gashin bakin da yake lalube da shi. Amma babbar matsalar ita ce, a rafinsu garke-garke suke yawo, masu kiwo ma ba sa ajiye ƙasa da 6. In aka ware guda shi kaɗai sai ya takura, ya daina sakewa, duk da sulken nan nasa.

Da yamma maigidan ya dawo, bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, kifin nan fa ba ciwo ke damunsa ba. Ga abinci, ga gida mai kyau, amma rashin ganin 'yan'uwansa ne ya sa ya rame." Yaya ta mintsine ni a cinya. Shi kuwa ya dube ni ya dube ta, ya yi murmushi, bai ce uffan ba.

Bayan kwana uku ta aiko min cewa ya ƙaro guda 5, yanzu ɗan kifin nan sai zilliya yake cikin 'yan'uwansa. Maganar ta zo gida bikin ƙanwarmu kuwa, ya ce ta bari tukuna zai yi shawara.