FILIN KIWON LAFIYA: Rigar Kitsen Ƙwayar Cuta



Duk wanda ya ci tsire a bakin titin Briqueterie ya san ruwa kaɗai ba ya fid da maiƙo daga hannu, sai an haɗa da sabulu. To, a cikin wannan ɗan sani akwai babban ilmi.

Ƙwayoyin cututtuka irin su korona, ƙyanda, Ebola da zazzaɓin Lassa, a cikin kowaccensu akwai wani siririn zare da masana ke kira RNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za ta hayayyafa. Zaren nan ba shi da ƙwari, kuma ba ya iya ratsa tantanin kitsen da ke kewaye da ƙwayoyin jikinmu. Saboda haka sai cutar ta lulluɓe shi da rigar kitse da ta yago daga jikin wanda ta kama. In ta sami sabon mutum, rigar sai ta haɗe da tantanin nasa kamar ɗigon mai biyu a kan miya, zaren ya faɗa ciki.

Aikin sabulu ke nan: gefe ɗaya ya riƙe ruwa, ɗayan ya cafke kitse, ya yayyaga rigar. Wanke hannu na daƙiƙa 20 ya isa.

Masana ma sun ari wannan dabara. Allurar korona ta Pfizer da ta Moderna, zaren RNA ne aka naɗe cikin ƙananan ƙwallayen kitse. Katalin Karikó da Drew Weissman sun sami kyautar Nobel a 2023 saboda binciken da ya share wa alluran hanya.

Abin bai yi mana nisa ba. A nan Yawunde aka fara tabbatar da korona a Kamaru, ran 6 ga Maris 2020, kuma a 2023 cutar Marburg ta ɓulla a Ikwatoriyal Gini, dab da iyakarmu.

Sai dai a lura, ƙwayar shan inna ba ta da rigar kitse, sabulu ba ya fasa ta. Ita sai ɗigon rigakafi. Don haka iyaye, in masu ɗigo sun yi sallama, a fito da yara. Masu gidajen abinci kuwa, a ajiye sabulu kusa da buta. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.